Man Gashin Hajiya Marka

Ranar da gashin Shafa'atu ya fara zuba, a hannuna ya zuba. Ni ce Ladidi mai kitso, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Maska, kuma shekara tara babu hannun da yake taɓa kan nan sai nawa. Ta zauna a gabana kan tabarma kamar kullum, na sa tsinke zan tsefe mata shuku, sai jelar kitson ta biyo hannuna gaba ɗaya, kamar an tuge ciyawa bayan ruwan sama. Na riƙe ta ina kallo.

"Yaya Ladidi, kada ki tsorata," in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Sun gaya mini zai zube. Sun ce in an gama maganin zai dawo."

Kwana goma sha takwas ke nan da fara yi mata maganin ciwon daji a wani babban asibiti a Zariya. Ƙullutu ne ya fito mata a maman hagu, aka yi gwaji, aka tabbatar. Likitoci suka ce za a yi mata ƙarin ruwan magani sau shida, duk bayan sati uku, sannan a yi aiki a cire abin da ya rage. Allah Ya taimake ta aka sa ta cikin wani bincike da suke yi a kan yadda maganin yake taɓa fata da gashi da farce. Wanda ya shiga, su ke ba shi maganin kyauta, kuma akwai wata nas, Sista Raudatu, da take bin lafiyarsa ta waya. Abin da suka nema kaɗan ne: kada a tsallake rana, kada a shafa komai a kai, kuma duk sati a ɗauki hoton kan a tura musu. Suka ba ta wani kati mai gida shida, duk zuwa a cike gida ɗaya. Da hannunta ta sa hannu a takardar, ta dawo tana ba ni labari tana dariya, wai tun da ta bar makaranta ba a taɓa tambayarta ra'ayinta a kan komai ba sai ranar.

A wani gidan zubewar gashi ba komai ba ce, a ɗaura ɗankwali a ci gaba da rayuwa. Amma wannan gidan Hajiya Marka ne, uwar mijinta, mai man gashi. Duk matar da ta san kanta daga Maska zuwa Funtua ta san man Hajiya Marka. Man kaɗe ne da man riɗi da hulba da wasu saiwoyi da ba ta gaya wa kowa, tana dafa shi ranar Laraba, ƙamshinsa ya cika unguwa. Tana da na amosani, tana da na makero, amma na tsawon gashi shi ne ya yi mata suna. Kuma ni da nake kitso na san abin da ya sayar da shi. Ba saiwoyin ba ne, kan Shafa'atu ne. Da gashinta ta zo gidan, baƙi wuluk, mai cika, in na tsefe shi har tsakiyar bayanta. Allah ne Ya ba ta, uwarta ma haka take. Amma duk baƙuwar da ta shigo tana jinjina robar man tana shakka, sai Hajiya ta ɗaga murya.

"Shafa'atu! Zo ki gaida baƙi."

Ta zo ta durƙusa, Hajiya ta sa hannu ta zame mata ɗankwali ba ko sallama, ta baza gashin a kafaɗarta. Magana ta ƙare, mai roba ɗaya ta ɗauki uku. Daga nan kuma su faɗo gidana a yi musu irin kitson da suka gani. Ba zan ɓoye ba, ni ma a kan nan nake ci.

Muna cikin tsifar nan Hajiya ta fito daga madafa. Ta ga abin da ke hannuna, ta ga farin fili a ƙeyar surukarta, ludayin da ke hannunta ya faɗi. Ba ta ce sannu ba. Abin da ta fara yi shi ne ta leƙa zaure ta tura ƙyaure.

"Wa ya shigo gidan nan yau?"

"Babu kowa, Hajiya," na ce.

"To Ladidi, abin da idonki ya gani ya tsaya a idonki."

Ta durƙusa da kanta ta tsince gashin sili-sili, har wanda iska ta kai bakin rijiya, ta ƙulle a leda ta shige ɗaki da shi. A ranar aka kwashe buhunan masara gefe guda a ɗakin baya, aka shimfiɗa katifa, aka ce Shafa'atu ta koma can don ta fi samun hutu. Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma garken awaki take kallo. Masu sayen mai in sun tambaya, Hajiya ta ce surukar tata ta je ganin gida Dayi. Matar da aka ce tana Dayi tana jin su ta bayan bango, tana danne tari da gefen zane.

Duk da haka ta je ƙarin ruwa na biyu, ta je na uku. Mijinta Maikuɗi yakan ɗauke ta a mashin da sassafe, ta rufu ruf cikin hijabi, su hau mota a Funtua. Maganin bai raga mata ba. Ta yi baƙi, faratanta suka yi duhu, girarta ta tafi, bakinta ya yi gyambo, in ta dawo sai ta kwana uku ko kunu ba ya zama a cikinta. Amma ranar da ta dawo daga na uku, na shiga ɗakin baya na same ta kwance tana murmushi. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

"Taɓa ki ji. Da kamar ƙwan kaza yake. Yanzu fa?"

Na taɓa. Bai fi ƙwallon dabino ba. Na yi kabbara, muka rungume juna muna kuka muna dariya. Ta ciro katin daga ƙarƙashin matashi ta nuna mini, gida uku a cike, uku a buɗe.

"Saura rabi, Yaya Ladidi. Kafin a cire auduga na gama."

Kwana biyu bayan nan asiri ya tonu. Amai ya taso mata da hantsi, ta fito da gudu zuwa makwarara, ɗankwalin ya zame. Mata huɗu ne zaune a tsakar gida, biyu daga Mahuta suka zo takanas. Suka ga matar da aka ce tana Dayi durƙushe, kanta ƙwal, ko sili babu. Ɗaya dai ta ajiye robar da ta ɗauka a hankali, ta ce ta tuna an aike ta.

Kafin la'asar maganar ta zaga Maska. Wasu suka ce man ne ya cinye mata kai. Wasu suka ce dama gashin doki ake ƙara mata, ni nake ƙarawa. 'Yan mata in sun wuce ƙofar gidan sai su dafe ɗankwali suna ƙyalƙyata dariya. Larabar da ta biyo baya Hajiya ba ta hura wutar mai ba, karo na farko tun da na san ta.

Ranar da ya kamata a tafi na huɗu, na ji shiru babu ƙarar mashin. Na zaga na tarar Maikuɗi yana wasa fartanya a ƙofar gida. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kullum da murmushi. Irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa a'a da bakinsu, sai dai su bar abu ya mutu a hannunsu.

"Baban Najiba, yau ba ranar Zariya ba ce?"

"Ai Ladidi, gonar nan ciyawa ta ci ƙarfina. Sati mai zuwa in Allah Ya so."

"Sun ce fa kada a tsallake."

"Haka suke cewa. Amma ki dube ta mana, tsakani da Allah. Da ƙafarta ta shiga asibitin nan, yanzu ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Wane irin magani ne zai mai da mutum haka? Kuma su da kansu suka ce bincike ne. Gwaji fa ke nan. Matata ce abin gwaji?"

"Ƙullutun ya ragu. Da hannuna na taɓa."

"To alhamdu lillahi, ai kin ga an samu sauƙi ke nan. Sauran Hajiya za ta ƙarasa da na gida."

Ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, raina yana tafasa, na rasa ta inda zan kama shi.

Sista Raudatu ta kira ranar, ta kira washegari. Waya ɗaya ce mai ɗaukar hoto a gidan, ta Maikuɗi, da ita ake tura hotunan kan, ita kuma asibiti suke kira. A karo na uku ya ɗauka ya ce sun fasa, ai an rubuta a takardar duk ranar da mutum ya ga dama zai iya fita. Sista ta ce haka ne, amma wadda ta sa hannu ita ce za ta faɗa da bakinta. Ina gidan aka kawo wayar ɗakin baya, aka buɗe murya. Hajiya ta zauna a kan buhun masara, gwiwarta na gogar ta Shafa'atu. Maikuɗi ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare hasken.

"Shafa'atu, ke ce?" in ji Sista. "Kina jina? Maganin nan yana yi miki aiki, likita ya ji daɗin awon da aka yi miki. Gashi zai dawo, fata za ta washe, na rantse miki na ga ɗaruruwa. Amma in kika tsaya a rabi, ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Ko da kin fita daga binciken, kada ki bar magani. Ke kike so ki bari, ko wani ne ya ce ki bari?"

Shafa'atu ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai. Ta dubi Hajiya, Hajiya ta zuba mata ido tana jan carbi. Ta dube ni. Wallahi ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

"Ni ce, Sista," ta ce. "Na haƙura."

"Akwai mutane kusa da ke?"

"Babu kowa."

Sista ta ce za su riƙe mata gurbinta sati biyu, ko yaushe ta zo a cikinsu za a karɓe ta. Maikuɗi ya yi godiya sosai, har da addu'ar Allah Ya saka, ya kashe wayar.

Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Kin kyauta wa kanki, 'yar nan. Shekara talatin ina gyara kawunan mata, ba za a zo cikin gidana a aske mini suruka da sunan magani ba. Ciwo na Allah ne, waraka ta Allah ce." Da yamma ta zo da roba, ta shafe kan nan da mai har yana ƙyalli, ta kawo wani jiƙo a kwano ta tsaya sai da aka shanye.

Sati biyun nan ban zauna ba. Kunyar duban ƙasan da na yi ta hana ni sukuni. Na hau mashin na je Dayi wurin yayanta Yahaya, shi ne babba tun da mahaifinsu ya rasu. Na same shi a rumfarsa a bakin titi yana auna wake. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah Ya ba ta lafiya, amma shi ba ya shiga tsakanin mace da mijinta, kuma mutanen nan ba su rage ta da ci ko sha ba. Ya ba ni lemo a leda in kai mata.

Na dawo na ce mata mu tafi ni da ita. Na san hanya, ba sai da Maikuɗi ba. Saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, da hantsi Hajiya ta tafi barkar haihuwa, Shafa'atu ta sa hijabi, ta soke katin a ƙugu, na riƙe ta muka taka a hankali har zaure. A nan muka yi kiciɓis da Maikuɗi ya dawo ɗaukar buhun taki. Ya dube mu, ya gane. Bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa ma da ya fi.

"Ban hana ki ba," ya ce da ita a hankali. "Amma Hajiya ta ce in kika koma wurin mutanen nan ba ta yafe mini nononta ba. Uwata ce, Shafa'atu. In kin taka ƙofar nan, a bakin aurenki. Yara kuma kin san a nan za su zauna."

Najiba, babbar 'yarta, shekararta bakwai, ƙaninta shekararsa huɗu. Muryarsu tana tashi daga tsakar gida suna rigima a kan ɗan kwano. Taku uku ne tsakanin Shafa'atu da waje, ina ganin hasken titi a kan yatsun ƙafarta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zare hannunta daga nawa.

"Yaya Ladidi, koma gida. Na gode."

Ta juya ta bi bango ta koma ɗakin baya. Maikuɗi ya saɓi buhunsa, har yana ce mini in gaida mutanen gida.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona mini rai. Da maganin ya bar jikinta sai ta murmure. Amai ya tsaya, bakin ya warke, ta fara cin tuwo, fatar ta fara washewa. Wata biyu ba su cika ba gashi ya tsiro, laushi kamar na jariri. Daidai abin da likitoci suka ce zai faru, a daidai lokacin da suka ce. Amma a gidan nan babu mai tuna wannan. Hajiya takan shafa kan safe da yamma tana cewa, "Kun gani? Asibiti suka kwashe, ni na dawo da shi."

Maikuɗi ne ya tuna da hotunan. Suna nan cikin wayarsa, na kowane sati, waɗanda aka ɗauka don a tura wa masu bincike. Ya zaɓi wanda kan ya fi zama ƙwal, ya ɗauki sabo lokacin da gashin ya rufe kai baƙi ƙirin, ya kai Funtua aka haɗa su gefe da gefe, aka buga a takarda mai manne. Ta ƙeya aka ɗauka, fuska ba ta fito ba, ya ce saboda mutunci. A sama an rubuta Man Gashin Hajiya Marka. A ƙarƙashin na farko an sa "Kafin," a ƙarƙashin na biyu "Bayan." Babu wanda ya tambayi mai kan.

Abin da ya kusa kashe sana'ar shi ya tashe ta. Matan da suka ga sanƙon da idonsu su suka zama masu shela, don sun ga da, sun ga yanzu. Hoton ya bi wayoyi har Malumfashi. Lokacin kaka ne, an sayar da waken suya da auduga, bukukuwa sun kankama, Hajiya ta koma dafa mai sau uku a sati a babbar tukunya. Aka fito da Shafa'atu daga ɗakin baya, aka ɗinka mata atamfa sabuwa.

"Shafa'atu! Zo ki gaida baƙi."

Ta zo ta durƙusa, a zame ɗankwali, mata su kewaye ta suna cusa yatsu cikin gashin suna masha Allah. Babu wadda ta lura da hannun dama kaɗai take dafa ƙasa in za ta tashi.

Da gashin ya kai a kama, Hajiya ta aiko in zo in yi mata ƙananan kalaba. Muna zaune mu biyu a inuwar darbejiya, na kai rabin kai, sai ta kamo hannuna ta baya ta ja shi ƙarƙashin mayafinta. Ban so taɓawa ba. Ya wuce ƙwan kaza, ya yi tauri kamar dutse, fatar wurin ta tattare, ga wasu ƙanana biyu a hammata.

"Sun sani?" na tambaye ta.

"Na gaya wa Baban Najiba. Ya ce in an gama bukukuwan nan. Hajiya ta ce kaikayin warkewa ne, ta ƙara mini jiƙo." Ta ɗan yi dariya. "Har yanzu katin yana wurina. Wani lokaci in ciro shi in yi ta kallon gidajen nan uku. Ci gaba da kitsonki, Yaya Ladidi, akwai baƙi daga Funtua da la'asar."

Na ci gaba. Hawaye na zuba a kan tsagar da nake yi, ina sharewa da babban yatsa, na kitse shi tsaf. Kitson ya yi kyau, Allah Ya yafe mini.

Bukukuwa ba su ƙare ba sai da wurin ya fashe. Aka riƙa ɗaure shi da tsumma, in baƙi za su zo a turara ɗakin da turaren wuta sosai, a zaunar da ita a kujera tun kafin su shigo don kada a ga tafiyarta. Bayanta ya fara ciwo, numfashi ya fara yi mata wuya. Gashin kuwa sai ƙara cika yake, kamar ba a jikinta yake ba. Ranar da ta faɗi daga kujerar a gaban mata shida, ranar ce aka nemo mota.

Ni na raka su Zariya. Sista Raudatu ta gane ta tun daga nesa, ta taho da sauri, ta buɗe tsumman, ta rufe, ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba. Aka yi hotuna aka yi awo. Likita ya kira Maikuɗi, na bi shi ban jira an kira ni ba. Ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya da huhu, aiki ba zai yiwu ba yanzu, abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi. Ya tambaya me ya sa aka tsaya a na uku alhali tana samun sauƙi. Maikuɗi ya ce ai ita ta ce ta haƙura, da bakinta, Sista ma shaida ce.

A mota muna dawowa, Shafa'atu na kwance a cinyata, ya juyo daga gaba ya ce da ni, "Kin ji dai da kunnenki, Ladidi. Su ma sun ce ba su da abin yi. Dama Hajiya ta faɗa."

Na gyara mata mayafi, na mai da idona kan hanya.

Ta yi kwana ashirin da shida a ɗakin baya. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana zafin bazara, hadarin farko yana haɗuwa a gabas. Aka aiko in zo in tsefe mata kai kafin a yi mata wanka. Na zauna na ɗora kan a cinyata kamar yadda na saba, na warware kalabar da na yi da hannuna ɗaya bayan ɗaya. Jikin ya ƙare, ƙashi ne da fata, amma gashin ya cika mini hannu, baƙi, mai santsi, yana ƙamshin hulba. Ko sili ɗaya bai biyo tsinke ba. Tsohuwar da za ta yi wankan ta leƙo ta kafaɗata, ta manta inda take, ta ce, "Masha Allah, ji gashi." A ƙarƙashin matashinta na tsinci katin, ya yi laushi don yawan riƙo. Na soke shi a zanena ban gaya wa kowa ba.

Hajiya ta yi kuka a zaman makoki, kuka na gaske, ba zan yi mata ƙarya ba. Tana cewa ta yi iya ƙoƙarinta, babu saiwar da ba ta jiƙa ba, kwana ne ya ƙare. Mata suna ba ta haƙuri suna yaba irin riƙon da ta yi wa suruka. Ina zaune kusa da ita wata baƙuwa ta matso, ta yi gaisuwa, ta sassauta murya ta ce ta san ba lokacinsa ba ne, amma daga nesa ta zo, ko akwai sauran man? Hajiya ta share ido da gefen mayafi ta ce ta dawo bayan sadakar uku.

Babu wanda ya daki Shafa'atu, babu wanda ya zage ta, babu wanda ya hana ta abinci. In ka tambaya a Maska za a ce maka gidan mutunci ta zauna, kuma da bakinta ta ce ta haƙura. Haka ne, ina wurin ta faɗa. Na ga gwiwar da ke gogar tata, na ga wanda ya tare ƙofa, na kuma san wadda ta dubi ƙasa.

Yau shekara biyu ke nan. Man yana nan, har shaguna ake kai shi a Funtua, kuma hoton bai canza ba. Mata suna zuwa kitso da robarsu a jaka, su miƙo mini in shafa musu. Ina karɓa in ga ƙeyar nan guda biyu, in gane 'yar tawadar Allah da ke bayan kunnenta na dama. Na daina shafawa. Duk wadda ta miƙo mini, sai in ajiye tsinke in ciro katin in nuna mata gida uku da ba a cike ba, in ba ta labarin mai kan tun daga farko. Wasu sun daina zuwa wurina saboda haka, Hajiya kuma ko gaisuwata ba ta amsawa.

Jiya ma na ba wata amarya labarin. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya ciko, ta ce Allah Ya jiƙanta, Allah Ya isar mata. Ta juya robar a hannunta ta ƙura wa hoton ido. Can ta ɗago ta dube ni.

"Amma dai Yaya Ladidi, gashin ya fito, ko?"